Zalika Sule da matan silima na Nijar

Idan azumi ya kwana goma, yaran Urno da na Madawa da na Buza sukan fita tashe da dare, kamar sauran yaran ƙasar Hausa. Yaro ɗan shekara goma sai ya manna gemun auduga, ya riƙe sanda, ya ranƙwafa yana tari kamar tsohon da ya ga tattaɓa-kunne. Mutanen gida su yi ta dariya, su ba da hatsi ko ƴan kuɗi. Da gari ya waye, yaron nan zai rataya jakarsa ya tafi makaranta. Ba wanda zai tare shi bisa hanya ya yi masa sannu da ciwon baya. Kowa ya san gemun na auduga ne.

Silima ma wasa ce irin wannan, sai dai ita da na'ura ake ɗaukarta. Amma sa'ad da ƴan Nijar suka fara yin tasu, mutane da yawa ba su gane haka ba. Wadda ta fi kowa shan wuyar wannan rashin ganewa mace ce, sunanta Zalika Sule. Da faransanci ana rubuta sunan Zalika Souley.

Kaboyi a ƙauye

An haifi Zalika a Yamai cikin shekarar 1947. A zamanin ƴammatancinta, gidan silima fili ne da aka kewaye da katanga, babu rufi. Sai rana ta faɗi ake haska fim bisa wani babban bango fari. Finafinan kuwa duk baƙi ne: na kaboyin Amurka, da na Indiya masu waƙa da rawa, da na Faransa. Samari su kalla, su fito suna tafiyar kaboyi, suna laƙaba wa juna sunayen Turawa.

Akwai wani saurayi da yake lura da wannan hali na samari. Sunansa Mustafa Alasan, mutumin Ndunga, an haife shi a 1942. Makanike ne, ga shi kuma da hannun zane. Ya koyi aikin kamara wurin Jean Rouch, wani Bafaranshe mai binciken al'adu, wanda ya daɗe yana ɗaukar finafinai a Nijar. A 1962 Mustafa ya yi wani gajeren fim mai suna Aure. Mutanen jahar Tawa sun san shi, don a garin Tawa ya zauna daga baya. Ya buɗe masaukin baƙi, ya mai da wasu ɗakunan wurin aikin fim, inda yake ƙera ƴan tsana yana sa su motsi gaban kamara. Ya rasu a 2015.

A 1966 ya shirya fim ɗin da ya kira Le Retour d'un aventurier, wato dawowar ɗan yawon duniya. Ga labarin a taƙaice. Wani saurayi ya dawo daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi. Ya raba wa abokansa malafa da takalma da bindigogi. Kowa ya sake suna. Suka hau dawaki, suka hana mutanen ƙauye sakat, har abin da aka fara da wasa ya kai ga zub da jini. Mustafa ba'a yake yi wa masu kwaikwayon baƙi ido rufe.

Cikin ƙungiyar kaboyin nan akwai mace ɗaya. Zalika ce, tana wajen shekara goma sha tara. Ta sa wando, ta sa malafa, ta hau doki tare da maza. A wancan lokaci wannan ba ƙaramin abu ba ne. Yarinya ta tsaya gaban kamara, fuskarta ta fito ƙatuwa bisa bango, gari duka yana kallo!

Bayan wannan sai ta shiga aiki da Umaru Ganda. Shi tsohon soja ne. Faransa ta kai shi yaƙin Indocin, can gabashin Asiya. Da ya dawo ya yi dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan, kuma a can ya haɗu da Jean Rouch. Fim ɗinsa Cabascabo labarin sojan da ya dawo daga yaƙi ne, abokai suka taya shi cinye kuɗinsa, suka watse suka bar shi. An nuna shi a babban bikin finafinai na garin Kan, a Faransa, a 1969. Zalika tana ciki.

Sai kuma Le Wazzou polygame, wanda aka yi da zabarmanci. Wani alhaji mai mata biyu ya nemi ta uku, yarinyar da aka riga aka yi wa wani saurayi alkawarinta. Kishi ya kama ɗaya daga cikin matansa. Ta ƙulla kashe amarya, amma cikin duhu ta yi kuskure, ta kashe ƙawar amarya. Zalika ce ta fito a matsayin wannan kishiya. Ta iya wasan ƙwarai, har mai kallo ya ji tsigar jikinsa ta tashi.

A 1972 aka kai fim ɗin Wagadugu, babban birnin ƙasar da ake kira Haute-Volta a lokacin, Burkina Faso ta yanzu. A can ake bikin finafinan Afirka mai suna FESPACO. Shekarar nan ce aka fara ba da babbar kyautar bikin, Ingarman Yennenga, kuma fim ɗin Umaru Ganda ne ya ci. Ita Yennenga ɗiyar sarki ce, mahayiyar doki, wadda Mosawa suke cewa kakarsu ce. Ke nan kyauta mai sunan mace bisa doki, Nijar ce ta fara ɗaukarta.

Yadda ake haɗa fim

Kafin a ji abin da ya sami Zalika, ya kamata a san yadda ake yin fim.

Hoton fim ba ya motsi. Hotuna ne masu yawa a jere, kowane ya ɗan bambanta da na bayansa. A zamanin su Zalika, ana ɗaukar su bisa wata doguwar roba siririya mai kama da ɗamara, a naɗe ta bisa faifai. Na'ura tana haska hoto 24 cikin sakan ɗaya. Minti ɗaya ke nan hoto 1440. Ido ba ya iya rarrabe su saboda sauri, sai ya ga kamar doki yana gudu. Duk mai son ya gwada, ya zana ƙwallo a kusurwar shafi ashirin na tsohon littafin rubutu, kowane shafi ya ɗan ɗaga ƙwallon sama. In ya saki shafukan da babban yatsa da sauri, zai ga ƙwallo ya yi tsalle.

Labarin kuwa tun farko ake tsara shi. Mai shirya fim shi ke gaya wa kowane ɗan wasa abin da zai faɗa, da inda zai tsaya, da lokacin da zai yi kuka. In bai yi daidai ba, a sake, ko sau goma ne. Ba a bin labari daga farko zuwa ƙarshe wurin ɗauka. Ana iya ɗaukar mutuwar mutum ranar Litinin, a ɗauki aurensa ranar Alhamis. Daga baya a yanka, a jera, a liƙa. Jinin da ake gani rini ne. Wadda aka kashe, da an tsai da kamara sai ta tashi ta kakkaɓe zanenta, ita da wadda ta kashe ta su ci tuwo akushi ɗaya.

Mai kallo bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. A wurin tashe yana ganin auduga, ya san yaron, ya san uwarsa da ubansa. A silima babu auduga. Fuskar Zalika ce ta ainihi, muryarta ce, ga titi irin wanda ya sani, ga gida irin nasa. Finafinan baƙi ba su ruɗe shi haka ba, don ba zai taɓa gamuwa da kaboyin Amurka a kasuwa ba. Zalika kuwa da safe tana nan tana cefane.

Ga shi kuma sau da yawa ita ake ba wasan mace mai wuyar hali: kishiya mai mugunta, ko macen da ba ta da kamun kai. Ba kowace mace ke yarda ta fito haka ba, ita kuwa ta iya. Sai mutane suka ɗora mata halin matan da take kwaikwayo. Aka riƙa zaginta bisa hanya, ana nuna ta da baki. Wasu suka guje ta. Da ba ta iya wasan ba, da ba wanda ya tsane ta. Ƙwarewarta ce ta ja mata.

Akwai rashin adalci a nan. Namiji ya fito ɓarawo ko mashayi, a ce ya iya wasa. Mace ta fito kishiya, a ce halinta ne. Har yanzu ana jin irin wannan magana wurin masu kallon finafinan Kano a talabijin ko a waya.

Duk da haka Zalika ba ta bari ba. Ta fito a Saïtane da L'Exilé na Umaru Ganda, ta yi aiki da Jingare Maiga, ta sake yi da Mustafa Alasan. Ana gayyatarta bukukuwan finafinai a ƙasashen waje, ana tafa mata. A waje tauraruwa ce, a gida abin zunɗe.

Umaru Ganda ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981. Cikin shekarun da suka biyo baya kuɗin uraniyom ya faɗi, aljihun gwamnati ya yi sauƙi, fari ya zo a 1984. Kuɗin yin fim ya yi wuya. Sannan bidiyo ya shigo gidaje, gidajen silima suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Ƴar wasa ba ta da gona, ba ta da fansho. In ba a yin fim, ba ta da aiki.

Hanyar jami'a

Zalika gaban kamara ta tsaya. Labarin na wani ne, kamara tana hannun wani. Matan da suka zo bayanta sun zagaya baya, sun riƙe kamarar da kansu. Yawancinsu ta hanyar karatu mai zurfi suka iso nan.

Jami'a ita ce makarantar da ake shiga bayan an gama firamare da kwaleji da lise, an ci jarrabawar bakaloreya. Ta Yamai ta fara a 1971, ta zama cikakkiyar jami'a a 1973. A 1992 aka sa mata sunan Abdu Mumuni, masanin da ya yi bincike bisa amfani da zafin rana. Yawancin gine-ginenta suna Harobanda, ƙetaren kogin Isa, sai an bi ta gada.

Zaman jami'a ba kamar na firamare ba ne. Malami ba ya bin ɗalibi gida ya tambayi abin da ya hana shi zuwa. Ɗalibai ɗaruruwa sukan taru cikin babban zaure ɗaya, malami yana magana, kowa yana rubuta abin da ya kama. Wanda ya makara sai ya tsaya bakin taga. Kowa yana zaɓar fanni ɗaya ya bi: likitanci, ko aikin gona, ko shari'a, ko tarihi, ko harsuna. Akwai ɗakunan kwana, akwai gidan abinci inda ake bin layi. Ɗan Keita yakan sami kansa ɗaki ɗaya da ɗan Difa ko ɗan Tera, kowa da harshensa. Wani lokaci kuɗin tallafin da gwamnati ke ba ɗalibai ya yi jinkiri, a yi yajin karatu, shekara ta ja. Ga ɗiya mace akwai ƙarin nauyi, don tun kafin ta kai nan an sha tambayar iyayenta yaushe za a yi mata aure. Amma mace ta taɓa riƙe wannan jami'a gaba ɗaya: Buli Ali Jallo, masaniyar ƙwari, ta shugabance ta daga 1999 zuwa 2005. Jahar Tawa ma ta sami tata jami'a a 2010. Tana ɗauke da sunan Jibo Hamani, malamin da ya rubuta tarihin Adar.

Babban aikin jami'a shi ne bincike. Ɗalibi ya zaɓi tambaya ɗaya, ya bi ta shekara da shekaru, ya rubuta littafi, ya tsaya gaban manyan malamai ya kare abin da ya rubuta. In sun yarda, sai a kira shi dokta. Wannan dokta ba ya yin allura.

Mariyama Hima irin wannan dokta ce. An haife ta a Yamai a 1951. Ta tafi Faransa karatu a 1973, ta sami digirinta na dokta a 1989 a fannin al'adun mutane. Ita ce mace ta farko a Nijar da ta shirya fim. Finafinanta ba na wasa ba ne. Akwai wani irin fim da ba a tsara wa kowa magana, ba a ba kowa sunan aro. Ana ɗaukar mutane ne cikin aikinsu na kullum. Shi ake kira fim na gaskiya.

To, me ta ɗauka? Wadda ta yi karatu a Paris, sai a zaci fadar sarki za ta nufa, ko ofishin minista. Kasuwa ta tafi, wurin masu sana'a da tsofaffin kaya. Tsakanin 1984 da 1987 ta yi fim huɗu a Yamai. Na farko sunansa da hausa ne, Babu Banza, bisa masu yanka tsohuwar tayar mota. Na biyu, Falaw, bisa masu narka alminiyam. Na uku, Toukou, bisa masu fasa tano, wato gangar ƙarfe. Na huɗu, Katako, bisa masu aikin katako.

Duk yaron da ya taɓa zuwa kasuwar Madawa ya san waɗannan sana'o'i. Ya ga takalman taya da manoma da makiyaya ke sawa, waɗanda ƙaya ba ta hudawa. Ya ga gugan roba a bakin rijiya. Ya ga tukunyar dalma da aka zuba daga tarkacen da wasu suka yar, da murhu da akwati da aka ƙera daga tano. Mutane suna wucewa ta gaban masu wannan aiki kullum, ba su tsaya sun duba ba. Mariyama ta tsaya. Ta nuna yadda ake auna taya, da yadda ake riƙe wuƙa, da abin da ake yi da guntun da ya saura. Ta nuna cewa a nan ma akwai ilimi, irin wanda ya cancanci a kai shi jami'a. Aka kalli finafinan nan a Turai, aka ba ta kyaututtuka. Daga baya ta shugabanci gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai, ta shiga gwamnati, kuma a 1997 ta zama jakadiyar Nijar a Faransa.

Irin abin da ta ɗauka yana nan tuli a ƙasar Adar da kewayenta. Matan Madawa suna saƙa tabarmin kaba da ake kai wa nesa. A Keita, tun daga 1984, an yi babban aikin raya ƙasa da taimakon Italiya, kuma yawancin waɗanda suka ɗauki duwatsu a ka, suka jera su don tare ruwa, suka haƙa ramukan dashen itace, mata ne. Kowace daga cikinsu tana da labarin da zai cika fim.

A'isha Maki ƴar Damagaram ce, an haife ta a 1982. Ta karanta ilimin zaman jama'a a Jami'ar Abdu Mumuni, sannan ta ƙaro karatun fim a Jami'ar Gaston Berger ta ƙasar Senegal. A 2016 ta fitar da L'Arbre sans fruit, wato itacen da ba ya ƴaƴa. Maganar matan da ba su sami haihuwa ba ce, da irin gorin da suke sha, alhali sau da yawa ba a ko auna mijin ba. Ita kanta tana cikin fim ɗin, da sunanta, tana faɗin nata halin. A nan mai kallo yana da gaskiya in ya ce matar da ya gani ita ce. Shi ya sa ya kamata mai kallo ya fara tambaya: wannan fim na wasa ne ko na gaskiya? A 2021 ta sake yin wani, Zinder, bisa samarin unguwar Kara-Kara, kuma da hausa suke magana a ciki.

Zalika da bakinta

Akwai kuma Rahamatu Keita. Ta yi karatun falsafa da ilimin harsuna a Paris, ta yi aikin jarida a talabijin ɗin Faransa. Ita ce ta shirya Zin'naariyâ a 2016, labarin wata ɗaliba da ta dawo Damagaram daga karatu a ƙasar waje. Amma kafin wannan, ta ɗauki kamara ta tafi neman Zalika Sule.

Ta same ta a wata unguwar Yamai, cikin ƙaramin gida, babu famfo, babu lantarki. Matar da aka tafa wa a manyan birane tana ɗibar ruwa, tana fama da abin da ƴaƴanta za su ci. Rahamatu ta zauna da ita. Ta nemo Mustafa Alasan da sauran tsofaffin abokan aiki, suka ba da labarin yadda aka fara. Ta haɗa da guntayen tsofaffin finafinai, inda ake ganin yarinyar nan ta 1966 bisa doki. Fim ɗin ya fito a 2004 da sunan Al'lèèssi, kalmar da ke nufin ƙaddara. An nuna shi a Kan a 2005, garin da aka nuna Cabascabo shekara 36 kafin nan.

Wannan karon ba wanda ya tsara wa Zalika abin da za ta faɗa. Ba ta fito kishiya ba, ba ta fito kaboyi ba. Ta yi magana bisa zagin da ta sha, da tafiye-tafiyen da ta yi, da son da take wa aikinta. Masu kallo da yawa, har da ƴan Nijar, a nan suka fara jin muryarta tana faɗin nata labari.

Rashin abin hannu ya sa ta fita ƙasar waje, ta yi ƴan shekaru tana aikatau a gidajen mutane, sannan ta dawo gida. Ta rasu a Yamai ranar 27 ga Yuli 2021, tana da shekara 73.